Kakana Ba Ɗan Bukuru Ba Ne

Sunana Hamza Abubakar Bukuru, gyaran keken ɗinki nake yi a Makera cikin Kaduna, shekarata hamsin da uku, kuma sai bana na fara taka garin Bukuru da ƙafata. Sunan kawai muke ja tun daga kan kakanmu, Malam Zakariyya'u, wanda duk unguwa ke kira Zakari Bukuru. Da aka kai ubana makaranta aka rubuta masa Bukuru, ni ma aka rubuta mini. Ranar da na kai 'yata Jamila firamare, malama ta tambaye ni jihar asali, na ce Filato ko tari ban yi ba, ai Bukuru a Filato take. Daga nan duk fom ɗin da yarinyar nan ta cike har ta gama karatu, Filato take rubutawa. Ni na jawo mata, ba wani ba.

Jamila ilimin noma ta karanta. Ta yi hidimar ƙasa, ta shekara biyar tana yawo da fayil ofis-ofis har takalmanta suka cinye. A tsakani ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo gida da goyo. Sai ga shi a watan Yuli sunanta ya fito cikin waɗanda za a ɗauka a wata ma'aikatar tarayya, a gurbin Filato. Ta ci jarrabawa, ta ci intabiyu. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar kakanninta, a kai kafin a tashi aiki ranar Juma'ar ƙarshen Agusta. Kuma ba sa ɗaukar wanda ya cika shekara talatin, ita kuwa a Oktoba za ta cika. Wato in wannan ta kuɓuce, an rufe mata ƙofar aikin gwamnati har abada.

"Baba, takardar nan fa?" in ji ta, tana tsaye a ƙofar shagona da 'yarta a baya.

Na ce, "Wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. Kwana biyu na je na dawo."

Haka na faɗa, da bakin nan nawa mai saurin yanke magana.

A Bukuru mai unguwa ya tambaye ni sunan gidanmu. Na ce gidan Malam Zakari. Ya ce wane Zakarin? Na wuni ana mini kwatance daga zaure zuwa zaure, har aka kai ni wurin wani tsohon mahauci da ya haura casa'in, idonsa ya mutu amma kansa garau. Da na kwatanta masa kakana, dogo, baƙi, ga ɗan tsagi a saman kunnen hagu, sai ya yi dariya.

"Zakari tubabbe! Ina yaro lokacin. Ai ba ɗan nan ba ne. Zamanin yaƙin duniya Turawa suka riƙa kwasar samari ƙauye-ƙauye da ƙarfin tsiya ana kawo su haƙar kuza, shi ne ake ce wa diban gwamna. A bakin rami limaminmu ya tsince shi, zawo ya gama da shi, an bar shi a matacce. Ya yi jinyarsa, ya musuluntar da shi, ya sa masa suna. Daga cikin duwatsu aka kwaso su, amma wane ƙauye, wallahi ban sani ba. Shi ma bai taɓa faɗa ba."

Kaɗan ya rage in zagi tsohon nan. Kakana, wanda ya shekara ashirin yana kiran sallar asuba a masallacin layinmu, wanda ya koya mini Fatiha da bulalar doki a hannu? Na tashi ko sallama ban yi ba. Amma a mota na tuna ban taɓa ganin wani ya zo gidanmu ya ce shi ɗan'uwan Malam ne ba, ko a suna ko a mutuwa.

Da na dawo na je wurin mai unguwarmu na Makera, na ce to a ba mu ta Kaduna, tunda a nan ubana ya girma, aka haife ni, aka haifi yarinyar. Ya ce ko da an ba ni, duk takardunta Filato suka ce, gurbin da aka ba ta ma na Filato ne, za a ce jabu ta kawo. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Saura kwana goma sha ɗaya wani tela ya tuna mini da Baba Gideon, tsohon akawun masaƙar Kakuri inda kakana ya yi aiki. Da aka rufe masaƙar, mutumin nan ya kwashe katunan ma'aikata a buhuna ya kai gidansa a Mahuta, wai don kada gara ta cinye su. Na same shi da hantsi, ruwa na zuba. Ya sa tabarau, ya zazzage buhu uku a tsakar ɗaki, muka tsuguna muna tona kamar masu tsintar shinkafa. Wajen azahar ya ɗago wani kati mai ruwan ƙasa.

Ga kakana a hoto, da sauran ƙuruciyarsa, yana harara kamar mai hoton ya ci masa laifi. Aikinsa shafa wa injuna mai. Ya fara a 1958. Garin asali, Bukuru.

Na ce, "To ga shi nan, Bukuru!"

Baba Gideon ya girgiza kai. "Malam Hamza, ni na yi akawu a wurin. Ba ma tambayar inda aka binne cibiyar mutum. Inda ya hau jirgi ya zo muke tambaya, mu rubuta, ya zama sunansa. Rabin masu sunan gari a Makera haka suka samo shi."

Sai ya juya katin. Ya ce a wancan zamani ba a ɗaukar sabon ma'aikaci sai wani tsoho a aiki ya tsaya masa, ya dangwala yatsa, in ya yi ɓarna shi za a kama. Don haka mutum ba ya tsaya wa kowa sai ɗan garinsu ko jininsa, kuma ana rubuta sunayen a bayan katinsa. Wasu za ka ga suna goma, wasu ashirin. Bayan katin kakana suna ɗaya ne tak a shekara ashirin da huɗu: Martha Yohanna, daga Dakwal, 1964.

"Dakwal a Filato take," in ji Baba Gideon. "Kuma Martha tana nan da ranta, a Romi. Me ya haɗa ladanin Makera da yarinyar coci, kai za ka je ka tambaya."

Daga Makera zuwa Romi ba ya kai rabin awa, amma rabona da can tun rikicin addini na shekarar 2000. A cikin napep na cire hulata na cusa a aljihu, ina jin kunyar kaina, amma ban mayar ba sai a ƙofar gidan. Surukarta, wata mace mai fara'a da ake kira Celina, ita ta shigar da ni. Ta ce, "Ku zauna ta damarta, Malam, ku ɗaga murya. Ƙarar injin saƙa ta cinye kunnen hagu gaba ɗaya, na daman ma saura kaɗan."

Tsohuwa ce doguwa, ta haura tamanin, tana zaune a baranda tana tsince acca a faifai. Na gaishe ta, na miƙa mata katin. Tana ganin hoton fuskarta ta washe.

"Baba Mai Gyaɗa! Kai jikansa ne? Allah Sarki."

Ta ba ni labari. Ta zo Kaduna tana da ashirin da ɗaya, ba ta san kowa ba, ta shiga layin 'yan mata a ƙofar masaƙa. Akawu na tambayar suna da gari, da ta ce Dakwal ta faɗi sunan gidansu, sai wani mai shafa mai da ke wucewa ya saki gwangwaninsa a ƙasa. Ya tsaya yana kallonta. Da akawu ya ce wa zai tsaya mata, shi ya matso ya dangwala yatsa da baƙin mai a hannunsa. Daga ranar, duk Juma'a in zai tafi masallaci sai ya ajiye mata ƙullin gyaɗa a gefen injinta, har ya bar aiki. Da za ta yi aure ya aiko mata da kwanonin fenti guda shida. Bai taɓa shiga gidanta ba, bai taɓa yi mata magana da ta wuce sannu da aiki ba.

"Bahaushe ne mai kirki," in ji ta. "A da ana samun irinsu."

Muna cikin haka Celina ta kawo mini ruwa da dafaffen ƙwan zabo a faranti, damina ce, ana ta tallarsa a titi. Na ce ta yi haƙuri, ba ƙyama ba ce, mu a gidanmu ba ma cin zabo, ko ƙwansa. Tsohuwar tana kallon bakina. Ta ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi.

"Wa ya hana ku?"

"Shi Malam. Bai faɗi dalili ba. Ya taɓa kifar da tukunya guda saboda kakata ta sa zabo a miya."

Ta ajiye faifan a hankali. Ta ce a ba ta katin, ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce wannan tsagin na kunnensa fa? Na ce injin ne ya yanke shi, haka muka taso muka ji, kuma kullum hularsa na rufe wurin. Ta kai hannu ta ture ɗankwalinta, ta juyo mini da kunnenta na hagu. Tsagi ne iri ɗaya, a wuri ɗaya.

"A gidanmu ɗan fari ake yi wa," in ji ta. "Kuma gidanmu kaɗai ne ba sa cin zabo a duk Dakwal."

Da muryar da ba ta hawa ba ta sauka ta gaya mini sauran. Sunan ubanta na haihuwa Dagyat. An kwashe shi a diban gwamna uwarta na da cikinta wata biyar. Waɗanda suka dawo suka ce da idonsu suka gan shi kwance a bakin rami, ya mutu. A al'adarsu in ba a samu gawa ba, sai a naɗe fatanyar mutum a tabarmarsa a binne, a yi makoki cikakke. Haka aka yi. Ƙanensa Yohanna ya gaji matar da gonar, suka haifi 'ya'ya bakwai, ita kuma ta taso da sunan Yohanna. Wanda aka binne kuwa, ko ya dawo da ƙafarsa ba mai amsa masa gaisuwa, sai an fasa katangar bayan gida an shigo da shi ta nan, dattawa sun wanke shi, sannan ya karɓi matarsa da gonarsa daga hannun duk wanda ke riƙe da su.

"Uwata ta taɓa cewa wata shekara wani baƙo mai hular Hausawa ya wuni a bakin kasuwarmu, yana kallon yaran gidanmu, bai sayi komai ba ya tafi," in ji ta. Can ta ce, "Shekara goma sha takwas yana gabana. Gyaɗa."

Ta sunkuyar da kai a kan gwiwarta. Mutumin kirki da sai ya tashi ya ba ta wuri. Ni kuwa, Allah wadaran gaggawa irin tawa, sai na hau zuba mata bayanin Jamila, da takarda, da Juma'ar ƙarshen wata, da shekara talatin. Na tashi tsaye ina zagaye, ina lissafi da yatsu, ita kanta na ƙasa. Celina ce ta ja ni gefe ta ce 'yan Dakwal mazauna Kaduna suna taro ran Lahadi bayan coci a Unguwar Boro, kuma in ciyaman ya buga hatimi a wasiƙa, dagacin can ba ya musu, rana ɗaya ake gama takarda. Ta ce za ta kawo Mama.

Na koma gida ina tafiya kamar sabon ango. Na ce wa Jamila ta goge kayanta na zuwa Abuja.

Ran Lahadi muka je tare. Ajin wata firamare ne, maza da mata kusan arba'in a kan bencin yara, kwanon rufi na yoyo a kusurwa. Ciyaman ɗin sunansa Ernest, tsohon hedimasta, ɗan Yohanna, wato uwarsu ɗaya da Martha. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya karɓi katin ya duba. Sannan ya buɗe wani babban littafi mai baƙin bango, inda suke rubuta kowane gida na Dakwal da zuriyarsa, ya karanta.

"Dagyat. Ya mutu a ramin kuza, 1942. An binne. 'Ya ɗaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da hannuna na ɗauki makararsa a 1989."

"Na ji ka, Malam. Ban ce ƙarya kake ba." Ya cire tabarau. "Amma ka san abin da kake so in rubuta? In rubuta cewa uwata ta shekara arba'in a ɗakin wani namiji mijinta na raye. In rubuta cewa mu bakwai ɗin nan ba ta hanyar aure muka zo ba. Gonar da jikokin ubana talatin ke ci, in rubuta cewa ta mutanen Makera ce."

Na rantse masa da Allah ba na son ko taku ɗaya na gonarsu, na ce a kawo takarda in sa hannu. Ya ce kai ba ka so, jikanka fa? Wani dattijo daga baya ya ce katanga mai rai ake fasa wa, in na isa in kawo Dagyat su wanke shi. Wasu suka yi dariya. Jamila ta tashi daga kusa da ni, ta je gaban teburin ta durƙusa a kan simintin da ruwa ya jiƙa, da sabon mayafinta.

"Kaka, ni ban san gona ba," in ji ta. "Sa hannu kawai nake roƙo."

Mutumin nan ya daɗe yana kallonta. Ya ce shi ba zai yanke ba. Yaya Martha ce babba a gidan, kuma ita abin ya fi shafa. In ta ce wannan ubanta ne, zai buga hatimi ko da abin zai kashe shi, haka dokarsu take. Ya taka har bencin baya inda take zaune tun da muka shigo, ba ta jin ko ɗaya cikin abin da ake faɗa. Ya sunkuya a kunnenta na dama, ya nuna mata katin, ya tambaye ta da ƙarfi ko ta san mutumin nan a matsayin ubanta.

Ta dafa kafaɗar Celina ta miƙe. Ba ta kalle ni ba.

"Ubana ya mutu ina ciki," in ji ta. "Wannan mutum ne da ke ba ni gyaɗa. Ban san shi da wani abu ba bayan haka."

Ernest ya koma ya rufe littafi. Abin da na faɗa bayan nan ba zan maimaita ba. Na kira su da sunan da mutanenmu ke kiransu da shi in ba sa nan, a gaban tsohuwar da take jinin ubana, a gaban 'yata da ke durƙushe. Na ce kakana ya yi daidai da ya guje su. Samari biyu suka riƙe ni suka fitar, ba su dake ni ba, da ma sun daka da ya fi mini sauƙi. A napep Jamila ta juya mini ƙeya har Makera.

Na koma gidan Ernest ran Talata in ba da haƙuri, aka ce ya tafi ƙauye jana'iza. Romi kuwa kunya ta hana ni, na ce da wane ido zan kalli matar nan. Wani ya ce akwai masu buga takardar jabu a bayan sakatariya, Jamila ta ce in na kawo mata za ta yaga. Juma'a ta zo. Kayan da ta goge suna rataye a ƙusa. Da aka sauko daga masallaci na tarar ta sauke su ta ninke ta mayar akwati, tana ba 'yarta koko. Ba ta yi kuka ba, ni na shiga banɗaki na yi.

Ran Talatar da ta biyo baya, da la'asar, ina cikin warware wani tsohon keke, sai ga napep ta tsaya a ƙofar shagona. Celina ta fito, ta taimaka wa tsohuwar ta sauko. Duk telolin layi suka daina taka keke suna kallo.

"Kai ni wurinsa," in ji ta.

Muka tafi maƙabartar unguwarmu. Na gaya mata mata ba sa shiga, ta ce ta sani, ta zauna a kan dutse a bakin ƙofa. Na shiga ni kaɗai. Na tuna akwai bishiyar dogon yaro a gabas da kabarin, da fasasshen tulu da na kafa da hannuna. Babu dogon yaro. Tuluna fasassu kuwa ɗari nawa ne, duk iri ɗaya, ciyawar damina ta rufe rabinsu. Na yi sama na yi ƙasa. Mai gadin ya ce tun da ya fara aiki sau biyu ana sake cike wannan ɓangaren, wanda ya shekara talatin da biyar ai sai dai addu'a. Na yi tunanin in fito in nuna mata ko'ina, ai ba za ta gane ba. Na kasa.

Na tsuguna ta damarta na ce, "Goggo, ban gan shi ba. Ya ɓace."

Ta gyaɗa kai. "A Dakwal kowane yaro ya san kabarinsa. Duk Kirsimeti muna share shi. Fatanya ce a ciki."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata takarda a ninke. Celina ta rubuta mata, ga dangwalen yatsarta da shuɗin tawada a ƙasa. Ni Martha, 'yar Dagyat, na shaida Zakari Bukuru ubana ne, Hamza ɗan ƙanena ne, Jamila jikata ce. A gefe ga hatimin ƙungiya da sa hannun Ernest. Ta ce jiya ya dawo daga ƙauye, ta je ta zauna masa a falo ta ce ba za ta tashi ba sai ya buga.

"Ka ba yarinyar ta je ta karɓi aikinta," in ji ta. "Ba da ku nake ba ran nan. Da shi nake. Na kai tamanin ban taɓa yin fushi da uba ba, na ce bari in yi mako ɗaya."

Na ce, "Goggo, Juma'a ta wuce."

"Wace Juma'a?"

Na kalli Celina. Ta sa hannu ta rufe baki. Ta ce ita ta ɗauka Mama ta ji, ai a gabanta na faɗa, ta ɗauka da saninta ta ƙi. Sai a lokacin na tuna inda nake tsaye ran nan a baranda ina zuba, ina lissafi da yatsu. Ta hagunta nake, kanta kuma na kan gwiwa, ko bakina ba ta gani.

Celina ta sunkuya ta yi mata bayani a kunne. Na ga lokacin da maganar ta shiga. Tsohuwar ba ta yi ihu ba, ta dai riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, tana cewa ba wanda ya gaya mini, ɗana, ba wanda ya gaya mini. Na ce na gaya miki. Na ce laifina ne. Ban san ko ta ji ba.

Washegari na bi Abuja da takardar, na ce ko za a duba. Wani matashi a ƙofar ofis ya ce an rufe, an ba na biye da ita a jerin, har ya fara zuwa aiki. Ya ce in gaya mata ta sake nema baɗi. Na ce baɗi ta wuce talatin. Ya ce to Allah ya kawo wata hanyar.

Jamila ta cika talatin a Oktoba. Tun Satumba ta ce in ba ta wani keken da mai shi ya bari a shago ya ƙi zuwa ɗauka, ta fara koyon ɗinkin kayan makaranta a gefena. Takardar tana aljihuna duk tsawon lokacin, na kasa miƙa mata, na kasa yarwa. Wata safiya na daure na ba ta. Na ce ga shi, ko ba komai yanzu kin san asalinki.

Ta karanta har ƙasa. Ta ce, "Dakwal." Ta faɗi sunan sau ɗaya, kamar sunan maganin da aka kawo bayan an dawo daga jana'iza. Teburin kekenta na da gajeriyar ƙafa ɗaya, kullum yana girgiɗi in tana takawa, na sha cewa zan gyara ban gyara ba. Ta ninke takardar huɗu, ta sake ninkewa, ta sunkuya ta cusa ta a ƙarƙashin ƙafar. Ta girgiza teburin ta ji ya zauna.

"Baba, miƙo mini shuɗin zare," in ji ta.

Na miƙa mata.